Yadda mutum zai shimfiɗa daɓen dutse a farfajiya ko hanyar lambu da kansa

Shimfiɗa duwatsu a farfajiya, ko a kan hanyar da ta ratsa lambu, aiki ne da mutum mai ƙoshin lafiya zai iya yi da kansa ko da bai taɓa riƙe cokalin magini ba, matuƙar yana da haƙurin bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Wahalarsa ta jiki ce, ta haƙa da ɗaukar kaya da durƙuso. Akasarin daɓen da ake gani ya lotsa, ko ya tsattsage, ko duwatsunsa suna rawa a ƙarƙashin ƙafa, ruwa ne ya ɓata shi: ko dai ya rasa hanyar wucewa ya kwanta a sama, ko kuwa ya shiga ƙarƙashi ya tarar da ƙasar da ba a daɓe ba ya kwashe ta. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi gangara da tushe ne, kuma a kansu ya kamata mafi yawan kwanakin aikin su ƙare.

Kafin a taɓa shebur

Da farko a tsaya a kalli wurin lokacin da ake ruwan sama, idan kuma ba lokacinsa ba ne a saki tiyo na ɗan lokaci, a ga inda ruwa yake nufa da inda yake taruwa. A ɗaga kai a dubi rufin ɗaki ma, domin ruwan da ke zubowa daga indararo ya fi kowanne ƙarfi, kuma idan ya riƙa sauka kai tsaye a kan daɓe zai ƙwaƙule tsakanin duwatsu komai kyan aikin. Irin wannan ruwa a nema masa bututu ko magudana tun yanzu.

Dole ne daɓen ya gangara daga jikin gini zuwa waje, da kimanin santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita ɗaya. Ido ba ya ganin wannan gangara, ƙafa ma ba ta jin ta, kujera kuma za ta zauna daidai a kai, amma ta ishi ruwa ya wuce. Haka kuma saman daɓen ya kasance ƙasa da shimfiɗar hana damshi da ke jikin bangon da aƙalla santimita 15, don kada ruwan da ke fantsama ya riƙa jiƙa bango. A kuma yanke shawarar inda ruwan zai ƙare idan ya kai ƙarshen gangara: cikin shuke-shuke, ko magudana, ko ramin da aka cika da duwatsu ya riƙa tsotse shi. Kada a tura shi gindin katangar maƙwabci.

Sai a binciki abin da ke binne. Bututun ruwa da wayar lantarki da bututun bayan gida sukan bi ta farfajiya, wani lokaci a zurfin da bai kai yadda ake zato ba, kuma diga ba ta tambaya kafin ta fasa. Inda ake shakka a yi haƙa da shebur a hankali. Idan akwai murfin ramin da ake buɗewa don gyara, kada a rufe shi da siminti. A bar shi yadda za a iya ɗaga shi.

Irin ƙasar wurin ma tana da magana. A ɗebi kaɗan daga zurfin taƙi ɗaya, a jiƙa ta, a murza a tafin hannu. Idan ta wargaje, jigawa ce, ruwa yana ratsa ta da sauri, kuma aiki a kanta ya fi sauƙi. Idan ta miƙe ta yi danƙo, laka ce, wadda ke kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke ta tsage idan ta bushe, kuma wannan motsi ne ke ɗaga duwatsu yana sauke su. A kan laka, da kuma a ƙasashen da sanyi ke daskarar da ƙasa, tushen ya fi na sauran wurare kauri. Babbar bishiya kuma a ba ta fili, domin saiwarta za ta ɗaga daɓen nan da wasu shekaru, yanke manyan saiwoyi kuwa yana iya raunana ta har iska ta kayar da ita.

Faɗin hanya ya danganta da masu bin ta. Santimita 90 sun ishi mutum ɗaya ko baro, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa kuwa suna buƙatar kimanin 120. Duk abin da ke cikin wannan bayani na wurin da ƙafa za ta taka ne. Inda mota za ta hau yana buƙatar tushe da dutse masu kauri fiye da haka.

Dutsen da yadda za a zaunar da shi

Duwatsun shimfiɗa iri biyu ne ta fuskar siffa: waɗanda aka yanka murabba'i masu kauri ɗaya, da fala-falan da aka ɓaro yadda suka zo, kowanne da siffarsa da kaurinsa. Na farko sun fi saurin shimfiɗuwa, kuma su nake ba sabon shiga shawara ya ɗauka idan wurin mai kusurwa huɗu ne. Na biyun sun fi dacewa da hanyar da ta yi lanƙwasa, suna da kyan da yankakku ba su da shi, sai dai kowane ɗaya sai an daidaita masa mazauninsa shi kaɗai, don haka suna cin lokaci sosai.

Giranit yana da tauri, ba ya shan ruwa sosai, amma yana da wuyar yanka. Dutsen yashi ya fi sauƙin sarrafawa, sai dai yana shan ruwa, kuma a inuwa yakan yi gansakuka. Dutsen farar ƙasa da mabul ba sa jure duk wani abu mai tsami. Ko wanne aka zaɓa, a zuba masa ruwa a taka shi kafin a saya, domin dutsen da aka goge ya yi sheƙi yana santsi idan ya jiƙe, kuma a wurin da tsofaffi da yara za su bi, kaushi ya fi ƙyalli amfani. Baƙin dutse kuma yana ɗaukar zafin rana har ya gagari tafin ƙafa, mai haske ya fi shi sanyi.

Hanyar zaunar da shi ita ma biyu ce. Ana iya ɗora shi a kan yashi kawai, ba siminti, ko a ɗora shi a kan kwaɓin siminti da yashi. Shimfiɗar yashi tana yafe kuskure, domin kowane lokaci ana iya ɗaga dutse a gyara a mayar, kuma tana bin motsin ƙasa ba tare da tsagewa ba. Amma tana buƙatar dutse mai kauri, santimita 4 zuwa sama, wanda nauyinsa zai riƙe shi, kuma ciyawa da tururuwa suna samun hanya ta tsakani. Kwaɓin siminti ya fi dacewa da siririn dutse da ƙananan gutsattsari, da wurin da ake yawan wankewa ko ruwan sama ke sauka da ƙarfi. A ganina hanyar lambu ta fi son yashi, farfajiyar da ke jikin ɗaki kuwa ta fi son siminti. Har zuwa ƙarshen daɓe tushe, aikin hanyoyin biyu ɗaya ne.

Lissafin kaya

A ɗauki misalin farfajiya mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, wato murabba'in mita 20. Dutsen da za a saya ya ɗara haka da kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, idan kuma fala-falai ne marasa tsari a kai shi kashi 15. Tushe mai kaurin santimita 10 zai ci kubik mita 2 bayan an daɓe, amma da yake kayan suna raguwa wajen daɓewa, a kawo kimanin biyu da rabi. Shimfiɗar da dutse zai zauna a kai, mai kaurin santimita 4, za ta ci kusan kubik mita ɗaya na yashi, kuma idan da siminti za a yi, buhu 5 zuwa 6 masu kilo 50 za su tafi a nan, sannan a ƙara biyu ko uku na gefe da cike tsakani.

Kayan aikin su ne shebur, diga, manjagara, baro, kwanon awo, cokalin magini, gudumar roba, tef ɗin awo, igiya da turaku, miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2, ma'aunin daidaito mai kumfar ruwa a tsakiya, madaɓi mai nauyi, tsintsiya da soso. Idan ana samun hayar injin daɓe ƙasa, a ɗauke shi ko na wuni ɗaya ne, domin a faɗi irin wannan hannu ba zai yi abin da yake yi ba. A tanadi safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata a hankali, mutum ba ya ji sai bayan sa'o'i, kuma ya fi yin ɓarna a gwiwa idan aka durƙusa a kansa da jiƙaƙƙen wando.

Nauyin ma a san da shi. Dutse mai santimita 60 a kowane gefe da kaurin 4 yana kai kilo 35 zuwa 40. A ɗaga shi da ƙarfin ƙafafu, baya a miƙe, wanda ya fi haka kuma a kira mutum na biyu.

Awo da kafa igiya

A kafa turaku a kusurwoyi huɗu, a ɗan fitar da su waje da iyakar aikin don kada haƙa ta tumɓuke su, a ɗaura igiya. Don tabbatar da cewa kusurwa ta miƙe daidai, a auna mita 3 a kan igiya ɗaya daga kusurwar, a auna mita 4 a kan ɗayar, sannan a auna tsakanin alamomin biyu; idan ya ba da mita 5 cif, kusurwar ta yi. A ƙaramin wuri santimita 60 da 80 da 100 suna yin aiki ɗaya. Bayan haka a auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, wato a ratsa tsakiyar filin, ta ɓangarorin biyu, dole su zo ɗaya. A misalinmu kowanne zai ba da mita 6.40. Hanya mai lanƙwasa kuwa a kwantar da tiyo a ƙasa a yi ta juya shi har siffar ta yi wa ido daɗi, sannan a bi gefensa da toka ko farar ƙasa.

Yanzu sai gangara, kuma a nan nake roƙon a rage sauri. A sa alama a jikin turakun da ke kusa da bango a daidai inda ake son saman daɓe ya tsaya. A kai wannan alama zuwa turakun nesa ba tare da hawa ko sauka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce siririn tiyo da ake ganin cikinsa: a cika shi da ruwa, a fitar da duk kumfar iska, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin alamar farko, ɗayan ya kai ɗaya bakin wurin turken nesa, inda ruwa ya tsaya a can shi ne daidai da na nan. Daga wannan sabuwar alama sai a sauko ƙasa gwargwadon gangara. Faɗin mita 4 a kan santimita 1.5 zai ba da santimita 6, a kan 2 kuma zai ba da 8. A nan za a ɗaura igiya, a ja ta ta yi tauri sosai, domin igiyar da ta saki tana yin ciki a tsakiya, kuma daɓen zai kwaikwayi cikin nan ya zama wurin kwanciyar ruwa. Daga yanzu duk wani awo na zurfi daga wannan igiya za a riƙa yin sa, ba daga fuskar ƙasa ba.

Haƙa

Zurfin ramin shi ne jimillar kaurin dutse da shimfiɗa da tushe: 4 da 4 da 10, wato santimita 18 daga igiya. A kan laka a kai tushen santimita 15. A faɗaɗa ramin da kimanin santimita 15 a kowane gefe da ba ya jikin bango, don duwatsun baki su samu tushe a ƙarƙashinsu har da rara. A yanke sanda daidai tsawon zurfin a riƙa gwadawa da ita, ƙasan ramin kuma ya bi gangarar igiya.

Duk baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye sai ta fita, ko da hakan ya sa an zarce zurfin da aka tsara, domin tana ci gaba da ruɓewa tana raguwa. Inda aka zarce, a cike da kayan tushe, kada a mayar da sakakkiyar ƙasa. A san inda za a kai abin da aka haƙo tun kafin a fara, domin a misalinmu zai haura baro 50. Idan an gama a daɓe ƙasan ramin, wurin da aka ji yana lotsawa kuma a ƙwaƙule shi a cike.

Tushe

Abin da ya fi dacewa da tushe shi ne fasasshen dutse mai kaifin gefe wanda ya zo haɗe da garinsa, daga mai girman santimita 4 har zuwa ƙura. Dalili shi ne manyan suna sarƙe juna, ƙananan suna shiga tsakaninsu, garin kuma yana toshe sauran kafofin, sai duka su zama abu ɗaya idan an daɓe. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yin haka, mirginawa take yi a kan 'yar'uwarta komai dukan da aka yi mata. Burji mai kyau yana daɓuwa sosai inda ake samunsa. Ɓaraguzan bulo ma suna yi, da sharaɗin a farfasa su ƙanana a cike tsakaninsu, kuma babu katako ko leda ko takarda a ciki.

Idan ƙasar laka ce, yana da kyau a fara shimfiɗa ƙyallen nan da ake sawa a ƙarƙashin hanya, wanda ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta ratsa shi, a ɗora bakin wani a kan wani da kimanin santimita 30. Aikinsa shi ne hana tsakuwa nutsewa cikin taɓo. Leda ba ta maye gurbinsa, domin tare ruwa take yi.

Kada a zuba santimita 10 ɗin a lokaci ɗaya. A zuba rabi, a baje da manjagara, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a zuba sauran a maimaita. Ƙarfin madaɓi ba ya sauka da nisa, don haka idan aka zuba da kauri sama ce kawai za ta yi tauri, ƙasa tana nan a sake, kuma damina ce za ta ƙarasa daɓewar bayan an riga an ɗora duwatsu. Ruwan da za a yayyafa ma yana da iyaka: a damƙi kayan a hannu, idan suka dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, sun yi. Busasshe ba ya haɗuwa, wanda ya jiƙe sharkaf kuma gudu yake yi daga ƙarƙashin madaɓi. A bi wurin a tsaye, a sake bi a kwance, a ba kusurwoyi da gefuna kulawa ta musamman domin nan inji ba ya kaiwa sosai, kuma nan ne lotsawa ta fi farawa. Alamar an gama ita ce mutum ya taka da dunduniyar takalmi da ƙarfi bai ga sawu ba. Sai a sake gwadawa daga igiya: ko'ina ya rage santimita 8. Inda ya yi tudu a kankare, inda ya yi kwari a ƙara a daɓe. Kada a bar wa yashi gyaran wannan, domin yashin da ya yi kauri a wani wuri ya yi siriri a wani ba ya zama daidai.

Shimfiɗa duwatsun

Idan fala-falai ne, a fara jera su a gefe ba tare da komai ba, a yi ta juya su har su dace da juna. Manya su tafi bakin ƙofa da kusurwoyi da gefuna, ƙanana su shiga tsakiya. A guji barin tsaga ɗaya ta miƙe da tsawo, a kuma guji haɗuwar kusurwa huɗu a wuri ɗaya. Idan tsarin ya yi, a sa musu lamba da alli. Yankakku kuma a riƙa ɗebo su daga tari daban-daban don launinsu ya gauraya.

Mai aiki da yashi zai kwantar da bututu biyu masu kaurin santimita 3 zuwa 4 a kan tushe, ya zuba yashi mai kaushi a tsakaninsu, ya ja katako a kansu ya share, sannan ya zare bututun ya cike gurbinsu. Daga nan ba a taka yashin. A riƙa yin mita ɗaya ko biyu a lokaci guda, ana durƙusawa a kan katakon da aka ɗora bisa duwatsun da aka riga aka sa. Ga fala-falai masu kauri daban-daban, ana ƙwaƙule yashi ko a ƙara a ƙarƙashin kowanne har ya zauna.

Mai aiki da siminti zai haɗa kwano ɗaya na siminti da kwano 4 ko 5 na yashi mai kaushi, ya gauraya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ya sa ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya riƙa dunƙulewa a hannu ba ya zuba. A kwaɓa abin da za a iya ƙararwa cikin sa'a ɗaya, a lokacin zafi ma ƙasa da haka, kuma wanda ya fara daskarewa a zubar da shi, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Shi mai wannan hanya a kan tushe yake tsayawa yana ja da baya, ba ya taka abin da ya shimfiɗa.

Akwai dabarar da ake yi don tsimin siminti, wato a ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya a ɗora dutse a kai. Ina hana ta ƙwarai. Ramin da ke tsakanin ɗigon nan yana tara ruwa da ƙwari, dutsen yana fashewa idan nauyi ya sauka a inda babu komai a ƙarƙashi, kuma a dutse mai shan ruwa tabon ɗigon yakan fito a sama. A baje kwaɓin ya cika mazaunin dutsen gaba ɗaya, ya ɗan ɗara tsayin da ake so, a yi masa 'yan kunyoyi da bakin cokali don ya samu wurin bajewa. A goge ƙurar bayan dutsen a jiƙa shi, idan kuma irin wanda ba ya shan ruwa ne, a shafa masa siminti da aka dama da ruwa ya yi kaurin fenti, don ya kama.

A fara daga kusurwar da ke jikin bango. Dutsen farko shi ne ma'aunin sauran, saboda haka a ba shi duk lokacin da yake buƙata. A sauke shi a hankali, a bubbuga da gudumar roba daga tsakiya zuwa gefe har samansa ya zo daidai da igiya. Idan ya nutse fiye da kima, a ɗaga shi a ƙara kwaɓi. Cusa kwaɓi ta gefe ba ya kaiwa tsakiya. Don kada a yi ta lissafin gangara a kowane dutse, a ɗaure guntun katako mai kaurin santimita 3 a ƙarƙashin baki ɗaya na katakon nan mai mita 2, idan gangarar 1.5 aka zaɓa, ko mai kaurin 4 idan ta 2 ce. Idan aka sa wannan bakin a ɓangaren gangare aka ɗora ma'auni a kai, kumfa ta tsaya a tsakiya, to gangarar ta yi daidai. A riƙa ɗora miƙaƙƙen katako a kan duwatsu uku ko huɗu tare, a leƙa ƙarƙashinsa, kuma a shafa hannu a mahaɗarsu, domin bambancin da ya wuce milimita 3 yana kama yatsan ƙafa. Tsakanin yankakku a bar santimita 1 zuwa 1.5 ta hanyar sa 'yan guntayen katako masu kauri ɗaya. Tsakanin fala-falai kuma a yi ƙoƙari kada ya wuce 3 ko 4. Duk simintin da ya taɓa fuskar dutse a goge shi nan take da jiƙaƙƙen soso.

Wanda yake son duwatsun takawa kawai a cikin ciyawa, aikinsa gajere ne: ya yi tafiyarsa ta yau da kullum ya sa alama a inda ƙafarsa ke sauka, wanda yakan kama santimita 60 zuwa 65 daga tsakiyar dutse zuwa tsakiyar na gaba, ya haƙa wa kowanne raminsa, ya sa tsakuwa da yashi, ya zaunar da shi daidai da fuskar ƙasa.

Yanka

A bar yanka zuwa ƙarshe, bayan duk cikakkun duwatsu sun zauna. Da guduma da kurfi ana iya raba dutse mai laushi: a ja layi, a bi shi da sara marar ƙarfi sau da yawa, a ɗora dutsen a kan yashi, sannan a ba shi bugu ɗaya mai kyau. Mai tauri sai injin yanka mai faifan daimon. Ƙurar da ke tashi daga giranit da dutsen yashi tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta haifar da cutar da ba ta warkewa, don haka a yanka da injin da aka ƙera don aiki da ruwa, ko aƙalla a fili da takunkumin da ke tace ƙura, ba ƙyalle kawai ba, kuma a kori yara daga wurin.

Gefe da tsakani

Daɓen da ba a tokare gefensa ba yana buɗewa a hankali, musamman na yashi. A kwaɓa kankare, siminti ɗaya da yashi 2 da tsakuwa 4, a bi bakin waje da shi a kan rarar tushen da aka bari, ya hau zuwa rabin kaurin dutse, a gangarar da shi waje yadda ƙasa za ta rufe shi daga baya. A kula kada ya yi tudun da zai tare ruwa a ɓangaren gangare.

A shimfiɗar yashi, ana zuba busasshen rairayi a share shi cikin tsagogi, a yayyafa ruwa ya zauna, a ƙara, kuma za a sake ƙarawa bayan 'yan makonni. Tsaga mai faɗi ta fi riƙe ƙananan tsakuwa. A shimfiɗar siminti kuwa a jira kwana ɗaya ko biyu ba a taka ba, sannan a haɗa siminti ɗaya da yashi 3 ko 4 da ruwa kaɗan ƙwarai, a zaɓi lokacin da fuskar dutsen ta bushe, a riƙa cusawa da bakin cokali ana dannawa har ƙasa, a goge saman da guntun tiyo ko lanƙwasasshen ƙarfe ya ɗan yi ƙasa da dutsen kaɗan. Dannawar ita ce aikin, domin abin da aka shafa a sama kawai yana ɓarewa cikin 'yan watanni.

Siminti ruwa yake buƙata don ya yi ƙarfi, kuma idan rana ta busar da shi da wuri sai ya yi gari. A rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna, ko a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, ana farawa bayan cikon tsakani ya kama. Idan hadari ya taso a ranar farko a rufe da leda. Bayan mako ɗaya ana iya ɗora kujeru, amma kaya masu nauyi sosai su jira, domin siminti yana kai kimanin kwana 28 kafin ya kusa cikar ƙarfinsa.

Wani farin gari yakan fito a fuskar dutse a watannin farko. Gishirin siminti ne, buroshi da ruwa suna rage shi, kuma yana daina fitowa da kansa. Kada a wanke dutsen farar ƙasa ko mabul da asid. A ajiye ragowar duwatsu uku ko huɗu a gefe, domin samun launi iri ɗaya bayan shekaru yana da wuya. Ruwan sama na farko mai ƙarfi kuma a fita a duba: inda ruwa ya kwanta bayan sauran wurin ya tsane, a zagaye shi da alli, a ɗaga dutsen, a duba ko tushen ne ya lotsa, a ƙara tsakuwa a daɓe idan shi ne, sannan a sabunta shimfiɗar a mayar da dutsen daidai da maƙwabtansa.